Jirgin Hidde Ya Tare Mana Rana

Kafin in ci gaba, ina da magana da ku masu cewa in gode wa Allah tunda na samu namiji mai hankali. Na karanta duk abin da kuka rubuto, har da ke mai cewa idan ba na son Hidde in turo miki lambarsa. 'Yar'uwa, da shi da lambar da jan wandonsa duk na bar miki. Ki dai bari ki ji abin da ya yi min tukuna.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Fenna. A garin Dordrecht nake zaune, ni da Mamana da kakata da muke kira Oma. Gidanmu irin tsofaffin nan ne da ƙofarsu ke kallon titi, bayansu kuma yana tsaye tsundum cikin ruwa. Sana'ata zane mai motsi, wanda Mama ke kira "katun ɗin yara" duk ranar da take son ɓata min rai. Hidde kuwa likitan haƙorinta ne. Ta je cire haƙori ta dawo mana da suruki, ko shawara ba ta yi da ni ba.

Ɗakin Oma yana can sama, tagarsa tana kallon ruwa. Tun da ta karye a ƙugu take kwance, silin ɗin ɗakin nan shi ne garinta. Idan sanyi ya fara ja da baya, akwai 'yan makonni da rana ke samun hanya tsakanin dogayen gidajen tsallake, ta faɗo kan ɗan ruwan da ke daidai ƙarƙashin tagar, ta yi tsalle ta hau silin. Da hantsi kawai take yin haka. Sai ka ga silin ya cika da zaren haske yana rawa. Agwagwa ta wuce, rawar ta canza. Kwale-kwale ya wuce, silin ya haukace.

A nan na samo fim ɗina. Na gitta katako a kan tsani biyu, ina kwanciya rigingine hancina ya kusa taɓa silin. Oma tana gado tana faɗa min abin da take gani a cikin hasken: ga mai shanya ta leƙo, ga yara sun yi tsalle daga gada, ga shekarar da ruwa ya shigo kasuwa. Ni kuma in bi hasken da gawayi, in ɗauki hoto, in goge da tsumma, in sake zanawa ya ɗan matsa gaba. Aikin hantsi guda bai fi ya ba ni motsin ƙiftawar ido ba. Shekaru na kwashe a haka, yanzu saura kashi na ƙarshe, inda jirgin dakon marigayi kakana ke shigowa gida. Likita ya riga ya gaya mana zuciyar Oma ta gaji, kada mu sa rai da wata shekarar. Ni kuma na yi mata alkawarin zan haska mata fim ɗin a kan silin ɗin nan, tana kwance tana kallo.

To, ranar Asabar gari ya waye tas bayan mako guda ana tsula ruwa. Na zura tsohuwar shuɗiyar rigar aikin kakana, wadda gawayi ya mayar baƙa, na ɗaure gashina da igiyar takalmi, na haye katako. Na saita kyamara. Na jira.

Silin fari fat, ko gilmawar haske babu.

Oma ta ce, "Kai, yau abin ya yi kyau. Maza ɗauki gawayinki, ga hancin jirgin kakanki can ya ɓullo ta kusurwa."

Na ce, "Tsohuwa, yau kuma da tsokana kika tashi? Wane hanci? Babu komai a nan."

Ta ce, "Gajimare ne ya gitta. Ke ma da garaje."

Ban ko waiwaye ta ba, don a lokacin ne na ji wani ham mai kama da kukan saniya daga ƙasa. Na diro na leƙa taga. Wani ƙaton farin jirgi ne, mai ɗaki da rufi, an ɗaure shi a zobban ƙarfen da ke jikin bangonmu, ya zauna daram a kan ɗan ruwan nan nawa. A gefensa an rubuta FENNA da ruwan zinariya. A samansa kuma ga Hidde tsaye, da jan wando da takalmi ba safa, ya rataya rigar sanyi a kafaɗa ya ƙulle hannuwanta a ƙirji, yana ɗaga min hannu yana nuna min haƙoran nan nasa da ya fi ji da su.

Ban san yadda na sauko matattakalar ba. A falo na tarar da Mama ta sha ado da sassafe, siket mai ruwan toka da sarƙar da take sawa zuwa coci, ta jera kofunan kofi na baƙi, ta yanka kek ɗin tuffa. Ashe da saninta.

Ta ce, "Kin ga kyautarki? Je ki cire wannan tsumman ki sa koriyar rigar da na saya miki. Kin yi kama da mai share bututun hayaƙi."

"Wa ya ce ya ɗaure shi a nan?"

"Ni. Bangona ne."

"Bangon Oma ne."

"To uwata ce, ba uwarki ba."

Hidde ya hauro ta ƙofar ɗakin ƙasa, wadda ke buɗewa kan ruwa, da furanni a hannu. Ya matso zai sumbaci kumatuna, na ja da baya.

Ya ce, "Fen, kin ga sunan? Da hannu aka rubuta shi."

"Na gani. Ka kwance shi."

Murmushin ya tsaya masa a fuska. "In kwance?"

"Ka tare min rana, Hidde. Duk faɗin ruwan garin nan, koguna uku suka haɗu a cikinsa, ka rasa inda za ka ajiye bahon wankanka sai a kan ɗan wurin da nake aiki da shi?"

"Wallahi ban san daga nan hasken yake tasowa ba. Na ɗauka ta taga yake shigowa kawai."

"Sau nawa ka zauna a ɗakin nan kana cin biskit ɗin Oma ina yi maka bayani? Ashe haƙorana kake ƙirgawa."

Mama ta dire butar kofi da ƙarfi. "Ke, ki iya bakinki. Kin san watannin da ya yi yana bin hukumar gari kafin su ba shi izinin wurin nan? 'Ya'yan mutane da keke ake zuwa zance wurinsu, ke an kawo miki jirgi har ƙofa kina yi wa mutane rashin kunya."

"Ni ban ce ina son jirgi ba. Ban ma ce ina son mai jirgin ba."

Hidde ya sunkuyar da kai yana kallon furanninsa. Ya ce a hankali, "Wilma, ko in matsar da shi na ɗan lokaci? Akwai wurin wani abokina..."

Wilma sunan Mama ne, kun ji har ya kai matsayin kiran sunanta. Ta ce, "Ba inda za shi. Na gaji. Yarinya ta girma ta ƙare rayuwarta a kan katako kamar gawa, tana shafa wa silin baƙi, gawayi na zuba a abincin tsohuwa. A gama wannan shirmen haka. Fim, fim, wa ma zai kalla?"

"Oma za ta kalla!"

Mama ta buɗe baki, Hidde ya ɗago da sauri ya dube ta, sai ta rufe. Ta ɗauki wuƙa ta ci gaba da yanka kek ɗin da ta riga ta yanka. Ni a lokacin na ɗauka kunya ce ta kama ta.

Kwanakin da suka biyo baya, gidanmu ya zama gidan gaba. Ni da Mama sai a matattakala muke haɗuwa, ita ma don ba ta da faɗin da mutum biyu za su kauce wa juna. Ta fito da keken ɗinkinta ta kafa a falo, tana ɗinka wa jirgin labule mai ratsin fari da shuɗi, tana taka keken da ƙarfi don ƙarar ta iso min sama. Idan ta dafa dankali da kabeji sai ta rufe nawa ta rubuta sunana a jikin murfin, kamar muna gidan haya. Rana kuwa, kamar da gayya, ta dinga fitowa kullum. Ina kwance a kan katako ina kallon farin silin, ina jin kwanakina suna tsiyayewa a kan rufin jirgin Hidde.

Saƙonninsa ba su daina shigowa ba.

"Barka da safiya Fen. Kin karya?"

"Ka kwance jirginka."

"Na yi wa Mamanki alkawarin ba zan taɓa shi ba. Ki fahimce ni."

"To ka aure ta."

"Kada ki yi min haka. Ina da dabara, zan zo anjima."

Kun san dabarar? Mutumin nan ya hauro ɗakin Oma da tiren gasa kek cike da ruwan famfo da fitilar da yake leƙa bakin mutane da ita. Ya ajiye tiren a ƙasa, ya haska, ya sa yatsa yana motsa ruwan. Wani ɗan haske mai kama da fitsarin kyanwa ya bayyana a silin.

Ya ce, "Kin gani? Kusan ɗaya ne."

Na ce, "Hidde, a cikin ruwan can akwai agwagi, akwai cika da janyewar kogi, akwai man jirage da iska da inuwar gada. Garin ne gaba ɗaya yake hawowa ɗakin nan. Kai kuma ka kawo min yatsanka."

Oma ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Bar shi mana, 'yar nema. Zo nan Hidde, ba ni hannunka." Ya miƙa, ta lalubo ta riƙe da hannu biyu tana bubbugawa. Abin ya ƙona min rai. Wato har ita ya saye.

Da ya tafi na ce, "Ke ma kin koma bayansu ko?"

Ta ce, "Yaron kirki ne. Wandon ne dai Allah ya sawwaƙe."

"Ya kashe mana fim, kina ce masa yaron kirki."

"To ki zana daga ka mana. Dole sai da haske?"

"Dole. Abin da idonki ya gani nake zanawa, ba abin da na ga dama ba. In ba haka ba ai ƙarya ce."

Ta juya fuskarta bango ta ce barci take ji. A 'yan kwanakin ta rame, abincinta ma rabi take ci, numfashinta yana fita da ɗan sauti. Ina ganin haka sai tsoro ya kama ni, tsoron kuma ya koma haushi, haushin duk ya tafi kan farin jirgin nan.

Ranar Alhamis da yamma aka faɗa a rediyo cewa gobe ce rana ta ƙarshe mai haske, daga nan ruwa zai sauko ba ƙaƙƙautawa. Kafin ya ɗauke, rana ta riga ta haura sama ta bar wurin sai baɗi. Na tura wa Hidde saƙo, kuma ku shaida na ƙasƙantar da kaina.

"Don Allah. Gobe kawai. Hantsi ɗaya. In ka yi min wannan zan sa koriyar rigar in bi ka gidan iyayenka."

Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake rubutu. Can ya turo:

"Fen, akwai abin da ba ki sani ba, kuma ba ni ya kamata in faɗa miki ba. Ki zauna da Oma ku yi magana. Ki dube ta."

Na ce a raina, zobe ne. Sun shirya zai durƙusa min a cikin jirgin, shi ya sa ake ɗinka labule. Na kife wayar ban ba shi amsa ba.

Juma'a gari ya waye garau. Na ba Oma shayinta da burodi, na gyara mata filo, na saita kyamara. Na leƙa falo, keken ɗinki a rufe, Mama ba ta nan, kwandon cefanenta ma ba ya jikin ƙusa. Ranar kasuwa ce, na ce ta tafi sayen kifi ke nan. Na tsaya a tsakiyar falon. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai.

Na sauka ɗakin ƙasa, inda kullum ke warin danshi da tsohuwar kwalta. Ƙofar ruwa a sakaye take kawai, ban ko tsaya tunanin dalili ba. Ruwa yana janyewa a lokacin, yana ja zuwa wajen tsohuwar gadar dutse. Jikar mai jirgin dako ce ni, kwance ƙulli ba ya ba ni wuya. Na kwance igiyar gaba, na kwance ta baya, sababbi fil farare tas, duk inda na taɓa sai da yatsuna suka bar baƙin gawayi. Na sa ƙafa na tokare gefen jirgin daidai kan sunana, na tura. Ya ja da baya a hankali, ba ko ƙara. Na ce ya je can ya jingina da wani bangon, mai shi ya zo ya ɗauka.

Rana ta faɗo kan ruwan a gabana.

Da gudu na haura. Na banko ƙofar ɗakin Oma, sai na tsaya cak. Tunda nake ban taɓa ganin hasken ya kai haka ba. Motsin da jirgin ya bari ya tayar da ruwan, silin gaba ɗaya yana rawa, hasken ya gangaro bango, ya hau madubi, ya hau bargo, ya zuba a fuskar Oma yana wasa a goshinta da kumatunta. Daɗi ya cika ni.

Ta juyo wajen ƙofa. Ta ce, "Fenna ce? Wannan gudu haka, kin sake yin faɗa da uwarki ko? Zo zauna. Ki yi haƙuri da duhun nan, 'yar nan. Tunda jirgi ya tare, ya tare. Ni na saba, ba ya damuna."

Na ce, "Duhu?"

"To me za a yi? Farin silin ma abin kallo ne."

Idanunta a buɗe suke, hasken yana shiga cikinsu yana fita, ko ƙiftawa ba ta yi. Na taka a hankali na zo bakin gadon. Rabon da in tsaya in kalli fuskarta da rana tsaka haka, na manta, kullum ina can sama na ba ta ƙeya. Na ɗaga baƙin hannuna na gitta a gabanta. Na sake gittawa. Tana ta murmushi tana kallon gefen kafaɗata.

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Oma, tun yaushe?"

Murmushin ya tafi. Ta sauke numfashi. "Hasken ya dawo ke nan."

"Tun yaushe, Oma?"

"Tun bara ya fara dushewa. Da kaka ya tafi gaba ɗaya, lokacin da kika je koyarwar nan a Utrecht. Hidde ne ya goya ni a bayansa ya sauko da ni matattakalar nan, ya kai ni asibitin ido, ya dawo da ni. Suka ce ba abin da za a iya yi."

"Duk kun sani. Ke da Mama da shi."

"Ni na hana su faɗa. Na ce duk wanda ya gaya miki ban yafe ba. Uwarki ta kasa jure ganinki kina wahala a kan abin da ba zan gani ba, shi ne ta ɓullo da dabarar jirgi, don ki haƙura da kanki. Dabarar banza ce, na gaya mata."

Hawaye suka ɓalle min. "To abin da kika dinga faɗa min fa? Agwagin, da yaran gada? Kina ce min ga kwale-kwale ya wuce, kuma in duba in ga ya wuce!"

"Kunnena ai bai mutu ba. Shekara nawa ina kwance a kan ruwan nan? Sauran kuma ina da su a ka." Ta lalubo kaina ta dafa. "Ki hau katakonki, rana ba ta jira. Jirgin kakanki na san yadda yake shigowa, ba sai da ido ba. In kin gama ki haska, ki zauna kusa da ni ki ba ni labarinsa. Yanzu ke za ki dinga gani, ni in saurara."

Na kifa fuskata a bargonta ina kuka kamar ƙaramar yarinya, haushin kowa nake ji, nawa ya fi yawa. Sai na ji hannunta ya tsaya a kaina. Ta karkata kai wajen taga.

"Yi shiru."

"Mene ne?"

"Na ce yi shiru." Ta ƙara kasa kunne, fuskarta ta canza. "Fenna, in Hidde ne ya matsar da jirgin, me ya sa ban ji tashin inji ba?"

Na ɗago kai daga bargon.

"Uwarki tana ciki. Tun da safe ta zuba labulen a kwando ta sauka za ta rataya. Muryarta ce nake ji can wajen gada."

Na zabura na yi taga. Jirgin ya yi nisa, ya juya a gicciye, ruwa na jansa kai tsaye zuwa bakin gadar dutsen da rufinsa ba zai taɓa shigewa ƙarƙashinta ba. Ta ƙaramar tagarsa na hango hannun Mama riƙe da labule mai ratsin shuɗi tana kaɗawa. A kan gadar kuma wani mai jan wando ya yar da kekensa yana cire takalmi.

Na zaro wayata daga aljihu. Saƙon Hidde ne, ya turo shi tun ɗazu ban duba ba:

"Na kasa barci. Ko Mamanki za ta tsine min, ga ni nan tafe da makulli in matsar miki da shi. Ki hau katako ki jira ni."